Shekara Ashirin da Biyar na Dokokin Laifuka na Shari'a a Arewacin Nijeriya: Sharhi a kan Ma'aunin Masu Yabo da Masu Suka

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan hujjojin da ake kafawa idan ana magana a kan nasara ko gazawar dokokin laifuka na Shari'a waɗanda jihohi goma sha biyu na Arewacin Nijeriya suka kafa tun daga shekarar 2000. Ta nuna cewa masu yabo da masu suka duk sun jingina ne da ma'aunin da ba zai ɗauki nauyin da suka ɗora masa ba. Ta kafa hujja daga fiƙihu cewa bibiyar sakamakon aikin hukuma yana da asali a cikin addini, sannan ta kawo ma'aunan da suka fi dacewa da manufofin Shari'a.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, dokar laifuka ta jihar Zamfara kuma ta fara aiki a ranar 27 ga Janairu, 2000. Cikin ɗan lokaci Sakkwato da Kebbi da Neja da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Gombe da Kaduna suka bi sahu. Yau an haura shekara ashirin da biyar. Yaron da aka haifa a wancan lokaci ya zama magidanci, don haka tambayar da ake yi ta halatta: me wannan tsari ya haifar?

Amsa biyu ake ji. Wasu na cewa Shari'a ta rage ɓarna, ta tsarkake gari. Wasu kuma na cewa ta gaza, suna nuni da halin da Zamfara take ciki. Kafin a auna waɗannan amsoshi, dole a rarrabe abubuwa biyu da aka daɗe ana cakuɗa su. Hukuncin Allah ba ya jiran ƙididdiga kafin ya inganta. Musulmi ya yi imani da shi kafin ya ga fa'idarsa. Amma dokar da majalisar jiha ta rubuta, da alƙalin da aka naɗa, da ɗan sandan da ya gabatar da ƙara, da gidan yarin da ake tsare wanda ake tuhuma, duk aikin ɗan Adam ne, yana dacewa yana kuskure. Wannan ɓangare na biyu shi ne abin aunawa. Wanda ya hana a auna shi da sunan kare addini ya ba aikin mutane kariyar da ba tasa ba.

2.0 Asalin Aunawa a Cikin Fiƙihu

Malaman usulu sun tabbatar da cewa an shar'anta hukunce-hukunce ne don kiyaye larurori biyar: addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Imamu Gazali ya jera su a cikin Al-Mustasfa, Imamu Shaɗibi kuma ya faɗaɗa bayani a cikin Al-Muwafaƙat, inda ya nuna cewa mujtahidi ba ya yanke hukunci a kan aiki sai ya dubi abin da aikin zai haifar. Fuƙaha sun kuma kira haddodi masu tsawatarwa, wato an sa su ne don mutane su hanu. Idan manufar abu ita ce hana laifi, to tambayar ko laifin ya ragu tambaya ce ta fiƙihu, ba baƙuwa ba ce da aka aro daga Turawa.

Aikin magabata ya tabbatar da haka. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, bai zartar da haddin sata ba a shekarar farin da ta auku a shekara ta 18 bayan Hijira. Haka kuma Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa labarin bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a da suka saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar ya fara ba da umarnin yanke hannu, sai ya lura cewa uban gidansu yana barin su da yunwa, ya ɗora wa Haɗib tarar dirhami 800, ninkin kuɗin raƙumar. Malik bai yi aiki da ninka ƙimar ba, amma darasin da ya shafe mu yana nan: Umar ya binciki musabbabin laifin kafin ya zartar da hukunci.

Alƙali Abu Yusuf ya shawarci Halifa Haruna Rashid a cikin Kitabul Kharaj da ya yanka wa fursunoni abinci da tufafi daga baitulmali, ya kuma umarci gwamnoninsa su riƙa duba al'amarin waɗanda ke tsare a kai a kai, a hukunta mai laifi, a saki wanda babu hujja a kansa. A mazhabarmu ma, Shehu Halilu ya nuna a Muhtasar cewa abin da sabon alƙali zai fara dubawa shi ne al'amarin wanda ke tsare. Ke nan, ƙirga mutanen da ke kurkuku da sanin dalilin zamansu aiki ne da littattafan da muke karantarwa suka ɗora wa hukuma tun da daɗewa.

3.0 Raunin Hujjar Masu Yabo

Hujjar masu yabo ta ginu a kan shaidar ido: an rufe gidajen giya da na caca da na karuwai, mutane sun ce sata ta ragu a watannin farko. Ba a musun cewa an rufe waɗannan wurare, kuma rufe ƙofar ɓarna a bainar jama'a alheri ne a karan kansa. Sai dai akwai giɓi uku a cikin hujjar.

Na farko, babu wanda zai ce abu ya ragu sai ya san yawansa tun farko. An shiga aikin ne cikin zumuɗi da matsin lambar jama'a, hankali yana kan rubuta doka da naɗa alƙalai. Wanda bai auna hatsin da ke rumbu da kaka ba, ba zai iya faɗin abin da gara ta ci da bazara ba.

Na biyu, alƙaluman 'yan sanda suna nuna laifin da aka kai rahoto ne kawai. Manomin da aka sace wa akuya, idan ya san zuwa caji ofis zai ci masa kuɗin da ya fi na akuyar, haƙuri zai yi. Don haka raguwar rahoto tana iya nufin raguwar laifi, tana kuma iya nufin mutane sun fid da rai. Akasin haka ma yana yiwuwa: idan jama'a suka amince da kotu, ƙararraki su ƙaru, mai kallo daga nesa ya ɗauka laifi ne ya ƙaru. Saboda wannan matsala ce Amurka tun 1973, Ingila kuma tun 1982, suke bin gidaje suna tambayar mutane kai tsaye ko an yi musu sata ko fashi a cikin shekara, sun kai ƙara ko ba su kai ba.

Na uku, ɓarna tana ƙaura. Giyar da aka hana a cikin gari ta koma barikin soja da unguwannin baƙi da garuruwan kan iyakar jiha. Kafin a ce shaye-shaye ya ragu, sai an duba ko matasa sun daina ne, ko kuwa sun koma ga ƙwaya da maganin tari, waɗanda suka fi kwalba sauƙin ɓoyewa.

A nan ne ya kamata a yi wa hukumomin Hisba gyara cikin girmamawa. Abin da aka fi ji daga gare su shi ne yawan kwalaben da aka fasa da yawan mutanen da aka kama. Wannan lissafin aiki ne, kuma yana da amfani, amma lissafin sakamako daban ne. Likitan da ya faɗi yawan alluran da ya yi bai gaya mana marasa lafiya nawa suka warke ba.

4.0 Raunin Hujjar Masu Suka

Masu suka sun fi dogara da Zamfara. Suna cewa jihar da ta fara yanke hannu ita ce ta zama matattarar 'yan bindiga tun daga wajen 2011. Har sukan tunatar da cewa Jangebe, garin da aka san shi da Buba Bello wanda aka yanke wa hannu a watan Maris na 2000 saboda satar saniya, shi ne garin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana a watan Fabrairu na 2021. Wannan magana tana da zafi, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Amma a matsayin hujja tana da rauni.

Zuwan abu bayan wani abu ba ya nuna cewa shi ya haifar da shi, ko kuma shi ya kasa hana shi. Ta'addancin daji ya taso ne daga rikicin manoma da makiyaya, da cinye burtali da makiyaya, da kisan gillar 'yan sa-kai, da kwararowar makamai, da haƙar zinare, da rashin hukuma a karkara. Sannan doka ba ta tsawatar wa wanda hannunta ba ya kai gare shi. Sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, ta tarayya. Alƙalin kotun Shari'a ba shi da dakarun da zai tura daji. Wanda aka kawo masa shi yake yi wa shari'a. Fashi da makami kuwa yana da dokarsa ta tarayya wadda ake shari'arta a Babbar Kotu. Ga shi kuma garkuwa da mutane ta addabi jihohin da ba su taɓa kafa dokar Shari'a ba. Wanda zai ce haddin hiraba ya gaza a Zamfara, sai ya fara nuna mana inda aka yi aiki da shi a kan shugabannin 'yan bindiga.

Rauni na biyu shi ne taƙaita tsarin gaba ɗaya a kan shari'u biyu ko uku da suka yi amo a duniya. Kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a watan Oktoba na 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe shi a ranar 25 ga Maris, 2002. Kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci a watan Maris na 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, ta Katsina ta rushe a ranar 25 ga Satumba, 2003. Dalilan rushewar daga cikin fiƙihu da dokar kanta suka fito: halaccin janye iƙirari, da mas'alar kwantaccen ciki a mazhabar Malikiyya, da rashin bayyana wa wadda ake tuhuma haƙiƙanin laifin. A shari'ar Safiya an ƙara da cewa abin da ake tuhuma ya auku kafin dokar ta fara aiki. A ta Amina kuma alƙalin farko ya zauna shi kaɗai, alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu. Har yau ba a jefe kowa ba a ƙarƙashin waɗannan dokoki. Mai suka da ya ambaci hukuncin farko ya yi shiru a kan na ƙarshe bai yi adalci ba. Mai yabo kuma da ya yi alfahari da na ƙarshe ya manta da kurakuran farko, shi ma bai yi ba.

5.0 Kyakkyawar Niyya ba ta Wadatarwa

Akwai darasi a abin da ya faru a Amurka. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara wani shiri a gidan yarin Rahway da ke jihar New Jersey, inda ake kai yara masu ƙiriniya su ga rayuwar kurkuku, fursunoni masu ɗaurin rai da rai su tsoratar da su. An yi fim a kan shirin a 1978, ya samu karɓuwa, jihohi da dama suka kwaikwaya. Iyaye sun yaba, yaran ma sun ce sun shiryu. Da James Finckenauer ya kwatanta yaran da aka kai da takwarorinsu da ba a kai ba, sai ya tarar waɗanda aka kai sun fi faɗawa hannun hukuma daga baya. A 2002 Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje tara na irin wannan shiri, sakamakon ya nuna cewa cutarwarsa ta fi barin yaran ba tare da an yi musu komai ba.

Ba a kawo wannan misali don a kwatanta shirin mutane da hukuncin Allah ba. An kawo shi ne don a ga cewa shaidar ido da yabon jama'a suna iya yin kuskure baki ɗaya, kuma kwatance ne kaɗai ke tona hakan. Yawancin abin da jihohinmu ke gudanarwa, kamar bulalar ta'aziri da aske gashin matasa da tsare su na kwanaki da kai su gidajen tarbiyya, ijtihadin hukuma ne, kuma kowanne yana iya gyarawa ko ya ƙara kangarar da yaro.

Masu nazarin laifuka sun kuma daɗe da gano cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Wannan bai saɓa wa abin da muka sani ba. Lokacin da Usama ɗan Zaid ya nemi a sassauta wa matar Banu Makhzum da ta yi sata, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun farko shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Ƙarfin haddi yana cikin sanin cewa babu wanda zai kuɓuce masa.

6.0 Abin da Bayanan da ke Hannu Suka Nuna

Akwai abubuwan da aka tabbatar, musamman ta hanyar kundin nan mai juzu'i biyar da Philip Ostien na Jami'ar Jos ya shirya tare da masu bincike 'yan ƙasa, aka buga a Ibadan a 2007.

Na farko, an yanke hukuncin cire hannu ga mutane da yawa, amma ƙalilan ƙwarai aka zartar, kuma fitattun cikinsu a shekarun farko ne. Doka ta ce sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuma suka noƙe. Sakamakon haka mutane suka shafe shekaru a gidan yari, ba a zartar ba, ba a sake su ba. Wannan uƙuba ce da babu ita a Risala, babu ita a Muhtasar, babu ita a dokar da majalisa ta rubuta. Idan hukuncin ya inganta, jinkirta shi ba tare da uzuri ba sakaci ne. Idan akwai shubuha, tsare mutumin zalunci ne. Sashe na 212 na Tsarin Mulki ya ba gwamna ikon afuwa da sassauci, don haka hanyar fita tana nan.

Na biyu, waɗanda haddin sata ya hau kansu talakawa ne, ɓarayin shanu da kekuna da kayan shago. Gaskiya ne cewa fuƙaha sun bambanta sata daga ma'aji da ha'incin wanda aka ba amana, amma ƙofar ta'aziri a buɗe take ga mai wawure dukiyar jama'a. Talaka yana gani, kuma abin da ya gani shi ke gina amincewarsa ko ya rushe ta.

Na uku, an mai da kotunan yanki kotunan Shari'a cikin gaggawa, da yawa daga alƙalansu kuma sun ƙware ne a shari'ar aure da gado da bashi. Kurakuran Gwadabawa da Bakori ba na mugunta ba ne, na ƙarancin horo ne a babin haddi, inda ƙa'ida ita ce tunkuɗe hukunci da shubuha. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta yi ƙoƙarin daidaita dokokin jihohin a cikin kundi ɗaya, amma gyaran takarda ba ya maye gurbin horar da alƙali.

Na huɗu, tsarin yana aiki ne cikin ƙaidi. 'Yan sanda na tarayya ne, kuma sashe na 277 da ya lissafa hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ya ambaci aure da gado da wasiyya da waƙafi da kyauta da riƙon yara, bai ambaci laifuka ba. A gidajen yarin ƙasar kuma, wajen kashi biyu bisa uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Duk mai auna dokokin Shari'a ba tare da lura da wannan ƙaidi ba, ya auna gudun doki ne da dabaibayi a ƙafarsa.

7.0 Ma'aunan da Suka Dace

Idan manufofin Shari'a ne abin nema, to daga gare su ya kamata a ciro ma'auni. Na farko shi ne aminci: gida nawa cikin ɗari aka yi wa sata ko fashi ko kisa a shekara, bisa tambayar magidanta kai tsaye. Na biyu shi ne saurin adalci: kwana nawa ake ɗauka daga kamu zuwa hukunci, kuma mutum nawa ke tsare ba tare da hukunci ba. Na uku shi ne ingancin hukunci: nawa ake rushewa a ɗaukaka ƙara, kuma da wane dalili. Na huɗu shi ne daidaito: su wane ne ake hukuntawa, mene ne sana'arsu, kuma wa ya samu lauya. Na biyar shi ne shiriya: cikin waɗanda aka hukunta, nawa suka sake dawowa gaban kotu cikin shekara biyu ko uku. Na shida shi ne haƙƙin wanda aka zalunta: ko an mayar masa da kayansa, ko an biya diyya. Na bakwai shi ne toshe musabbabi: mabuƙata nawa hukumomin zakka suka fitar daga buƙata, domin labarin bayin Haɗib ya nuna cewa wannan ba a raba shi da babin sata.

Hanyar samun amsa ba ta fi ƙarfinmu ba. Kowace kotu tana da rajista. Ɗaliban digiri na biyu da na uku za su iya bin rajistar kotuna uku ko huɗu na shekara goma, maimakon maimaita bayanin sharuɗɗan haddi da littattafai suka riga suka ƙosar. Ana iya kwatanta ƙananan hukumomi maƙwabta masu kama da juna a sana'a da al'ada, ɗaya a Bauchi ɗaya a Filato, ko ɗaya a Gombe ɗaya a Adamawa. Ba a gwaji da haddi, wannan a fili yake. Amma a fagen ta'aziri da sulhu da koyar da sana'a ana iya fara sabon tsari a wasu kotuna, a jinkirta shi a wasu, a ga bambanci. Gyaran Tsarin Mulki na 2023, wanda ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen gyaran hali, ya ƙara sa wannan aiki ya zama na gaggawa, domin jihar da za ta gina gidan yari ya kamata ta fara sanin waɗanda ke cika na yanzu.

Akwai abin da ƙididdiga ba ta kaiwa gare shi, kamar ladar biyayya ga Allah da kankarar zunubi ga wanda aka tsayar wa haddi. Wannan ba hujja ba ce ta barin auna abin da ake iya aunawa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa wanda ya ce tsarin ya yi nasara da wanda ya ce ya gaza, duk sun faɗi abin da hujjarsu ba ta kai ba. Abin da ya tabbata shi ne an rubuta dokoki, an zartar da kaɗan, an bar wasu bayin Allah a tsare ba bisa wani nassi ba, kotunan ɗaukaka ƙara kuma sun nuna cewa fiƙihun Malikiyya yana da kayan gyara kuskuren alƙalansa. Nauyin da ya rage yana kan malamai da jami'o'in Musulunci. Idan ba mu auna wannan aiki da ma'aunin Shari'a ba, wasu za su ci gaba da auna shi da nasu, mu kuma mu ci gaba da mayar da martani ba tare da alƙaluma a hannu ba. Mafari mafi sauƙi shi ne wanda Shehu Halilu ya nuna wa sabon alƙali: kowane Alƙalin Alƙalai ya nemi sunayen waɗanda kotunansa suka tsare, da ranar da aka tsare su, da dalilin da ya sa har yau suke ciki.

Allah shi ne mafi sani, kuma shi ne mai datarwa zuwa ga daidai.